Hutun da Suweiba Ta Ɓoye

Ranar da Suweiba ta je neman hutu, matar ofis ko gardama ba ta yi mata ba. Ta duba kwamfuta, ta ce mako guda ai ba wani abu ba ne ga wadda ta daɗe ba ta huta ba, abokiyar aikinta Akua za ta riƙe mata tsohuwar da take kula da ita har ta dawo. Suweiba ta yi godiya, ta ja hular sanyi a kan ɗankwalinta, ta sauka ta kama jirgin ƙasa zuwa unguwarsu Mount Hope da labari mai daɗi a bakinta.

Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma shi take yi tun shekarar da suka baro Zangon Kumasi zuwa New York ita da mijinta Saani. Wadda ke hannunta a lokacin wata tsohuwa ce a unguwar Soundview da ba ta iya tashi da kanta. Suweiba ke yi mata wanka, ta canza mata kaya, ta ba ta abinci a baki, ta juya ta a gado don kada bayanta ya yi gyambo. Idan ta dawo gida kuma ga Saani, direban tasi mai ciwon suga, wanda bai taɓa sanin inda maganinsa yake ba sai an miƙo masa. Sai 'yarsu tilo, Zuweira, da ke jami'a.

Zuweira ce sanadin neman hutun. Ta ci wata gasa a makarantarsu aka ba ta gurbin karatu a cikin jirgin ruwa. Makaranta ce sukutum a kan teku, da malamai da azuzuwa da ɗakunan kwana, tana yawo da ɗalibai ƙasa-ƙasa tsawon zangon karatu guda. Jirgin zai tashi daga Bahamas cikin watan Janairu, kuma iyaye da yawa kan raka 'ya'yansu, su sauka a otal a bakin teku na 'yan kwanaki kafin a yi sallama. Zuweira ta shafe dogon hutunta tana tsaye a wani kantin magani tana aiki, ba ta gaya wa kowa dalili ba, sai da ta kama ɗakin mutum uku sannan ta nuna musu hotonsa a waya.

"Don ke na yi, Mma," ta ce a ranar, cikin Hausarta mai ɗingishi wadda ba ta cika yi ba sai magana ta kai magana. "Ba girki, ba wanke-wanke. Ki zauna kawai ki kalli ruwa."

Da Suweiba ta buɗe ƙofar gida a yammacin da aka ba ta hutun, abin da ta fara gani tulin kwanuka ne a kicin. Akwatin Zuweira na buɗe a tsakar falo, kaya sun zubo har kan kujera. Saani na kishingiɗe, yana jin motsinta ya ce ta duba masa na'urar gwada suga, tun safe yake nema. Zuweira ta leƙo daga ɗaki da riguna biyu a hannu tana tambayar wacce za ta ɗauka, kuma ina aka ajiye fasfon Baaba. Ko takalmi Suweiba ba ta cire ba. Saani ya ƙara da cewa a can ma sai ta sa ido sosai a kan abincinsa, ya ji an ce abincin otal duk zaƙi ne, gara ta soya musu shito, yajin mai irin na Kumasi, su tafi da shi, ta kuma tuna da goge masa manyan rigunansa.

Tana tsaye da jaka a kafaɗa ta ga tafiyar gaba ɗaya a idonta. Ɗaki ɗaya su uku, ita ce mai tashin kowa, ita ce mai ninke kaya, mai bin Saani da ido a wurin cin abinci, mai neman abin da ya ɓace. Falon nan ne dai za a ɗauka a kai bakin teku. Sai kuma ta hango wani abu da ba ta taɓa samu ba tun tana yarinya a gidansu mai cike da mutane: gidan nan shiru, ba kowa a ciki sai ita.

"Mma, me suka ce a ofis?" in ji Zuweira.

"Sun hana," in ji Suweiba.

Maganar ta fita kafin ta yi shawara da zuciyarta. Ta jira ta ji bakinta ya gyara, bai gyara ba. Zuweira ta saki rigunan a kan kujera, ta ce yanzu za ta kira su, wannan zalunci ne. Tun tana 'yar sakandare ita ke yi wa uwar magana da ofis idan Turancin ya yi tsauri, har matar ofis ta san muryarta.

"Kada ki kira kowa," Suweiba ta ce tana kwance igiyar takalmi don kada su haɗa ido. "Ba mai riƙe tsohuwar. So kike in rasa aikin?"

Saani ya girgiza kai. "Haka aikin ƙasar nan yake. Ki yi haƙuri, Mman Zuweira, Allah ya ba ki lada."

Addu'ar nan ta fi komai yi mata nauyi. Ta shiga kicin ta buɗe famfo da ƙarfi.

A kwanakin da suka rage ta yi hidimar da ta wuce ta kullum. Ta yi wa Zuweira ƙananan kitso da zai daɗe bai tsufa ba, ta soya shiton, ta raba wa Saani magungunansa na safe daban na yamma daban. Sau da yawa tana buɗe baki ta ce an canza shawara a ofis, sai ta tuna da gidan da zai yi shiru, ta rufe bakin. Mutum ɗaya ta gaya wa, Akua, don ba yadda za a yi ta ɓoye mata. Akua 'yar ƙabilar Asante ce da ta tashi a bakin Zango, Hausa a bakinta kamar ta gado, kuma tare suka fara wannan aikin.

Suna gyara wa tsohuwar shimfiɗa Akua ta ce, "Ki gaishe mini da teku. Ki sa ƙafa a ruwa a madadina."

"Ba zan je ba."

Akua ta tsaya da matashi a hannu. Suweiba ta faɗa mata komai a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar na jin Hausa. Akua ta fara dariya, da ta ga fuskarta sai ta daina.

"Ni ban ji komai ba, 'yar'uwa. Amma in mijinki ya tare ni a hanya ya tambaye ni, ba zan rantse masa a kan ƙarya ba."

"Ba zai tambaya ba."

"To ki huta ɗin da gaske. Kada ki ɗauki zunubi kuma ki tashi ba hutu."

Ranar tafiya wani abokin Saani ya zo da mota zai kai su filin jirgin sama. Suweiba ta sa kayan aikinta masu ruwan bula ta rako su ƙasa. Sanyi na yanka kunne. Zuweira ta rungume ta ta daɗe ba ta sake ta ba, ta ce za ta riƙa nuna mata komai a waya kamar tana wurin. Suweiba ta kama hanyar tasha tana waiwaye, sai da motar ta sha kwana ta hau titin Grand Concourse sannan ta juyo ta koma gida da sauri, kai a sunkuye, kada ta haɗu da wani sananne.

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Ba abin da ke motsi sai hita da ke huci a gindin taga. Ta cire kayan aikin ta rataye, ta hau gado ta kwanta a tsakiyarsa ta baje hannuwa. Ba ta farka ba sai da azahar ta gota.

Abin da ya fi damunta daga baya shi ne ta ji daɗin hutun ƙwarai. Ta cika baho da ruwan zafi ta zauna a ciki har yatsunta suka yi yaushi, ita da ta shekara da shekaru tana wanke jikin wasu a gurguje ta wanke nata a tsaye. Ta fita shagon kusurwa ta sayo burodi mai zaƙi da madarar gwangwani, abubuwan da ta hana shigowa gidan saboda Saani, ta dama koko ta zuba suga son ranta, ta sha a gaban taga tana kallon dusar ƙanƙara na sauka a kan motoci. Idan ta yi sallah sai ta zauna a kan darduma ba mai kiran sunanta. Kwano ɗaya ta yi ta amfani da shi, ta ci ta ɗauraye ta kife. Wani lokaci sai ta ji tana 'yar waƙa ita kaɗai, irin ta 'yan mata a dandali, wadda ta ɗauka ta manta.

Wayar ce ke katse mata. Zuweira ba ta kira sai ta bidiyo, kuma da rana take kira, lokacin da ya kamata a ce Suweiba na Soundview. Don haka idan wayar ta yi ƙara sai ta bar ta ta katse, ta zura kayan aiki, ta ɗora rigar sanyi, ta sauka ta tsaya a wurin jiran bas, sannan ta kira ta ce ta ɗan fito shan iska ne tsohuwar na barci.

"Mma, duba," Zuweira za ta ce, ta juya wayar.

Ruwan shuɗi ne garau har ana ganin ƙasansa, rairayi fari sol, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo. Ga Saani can ya naɗe wando zuwa gwiwa yana tsaye a cikin ruwa, yana dariya kamar yaro duk lokacin da igiyar ruwa ta doke shi. Suweiba ta manta rabon da ta ga haƙoransa haka. Zuweira ta nuna mata ɗakin, da ƙaramin gadon da ita take kwana a kai, da barandar da ke kallon teku, da kujerar da ta ce tun a hoto ta zaɓa wa Mma. Ta nuna mata wurin cin abinci inda aka jera komai kowa ya ɗebi son ransa, ta ce ita ke hana Baaba zuwa wajen kayan zaƙi, kuma yana jin maganarta.

"Na haɗu da wadda za mu zauna ɗaki ɗaya a jirgi, sunanta Huda," ta ce wata rana. "Babanta a ofishin jakadancin Nijar yake aiki, a New York. Gwaggonta ce ta rako ta. Ta tambaye ni ina mamata, na ce an hana ki hutu. Ta ce Allah ya isar miki."

"Kada ku riƙa cewa haka," in ji Suweiba. Iska ta kaɗa mata ƙanƙara a fuska.

"Ai gaskiya ne."

Saani kuma saƙon murya yake turowa bayan sallar asuba. Ya ce ya gaya wa sauran iyaye cewa matarsa ba ta taɓa fashin aiki ba, duk abin da yarinyar nan ta zama ita ce. Ya ce yana yi mata addu'a a bakin teku. Suweiba ta saurara sau ɗaya, kokon da ta dama a ranar ya huce a kofi ba ta sha ba. Amma da hantsi ta sake cika bahon, ta sake shiga, kuma ta sake jin daɗinsa. Ta rasa yadda abubuwan biyu suke zama tare a ƙirji ɗaya.

Ana gobe jirgin zai tashi, wayar ta yi ƙara wajen la'asar. Wannan karon ba bidiyo ba ne. Duk da haka ta sa kayan aikin ta sauka, don ta saba, ta tsaya a wurin bas ta kira.

"Mma, kina ina?" Da Hausa Zuweira ta yi tambayar.

"Ina wurin aiki mana. Na ɗan fito ne."

Suweiba ta jiyo ƙarar ruwa daga can nesa.

"Na kira ofis," in ji Zuweira. "Na san kin hana. Na so in roƙe su ne su ba ki ko yini ɗaya, ki zo ki ga tashinmu. Matar ta ce ai kina hutu. Ta ce ta ɗauka kina tare da mu."

Bas ta zo ta tsaya a gaban Suweiba ta buɗe ƙofa, direban ya dube ta, da ya ga ba ta motsa ba ya rufe ya wuce.

"Ba ki da lafiya ne?" in ji yarinyar. "Asibiti kike zuwa? Ki gaya mini gaskiya, Mma. Huda ta ce haka mamarta ta yi, ta ɓoye musu har sai da abin ya yi nisa. In ba ki da lafiya ba zan hau jirgin nan ba. Gobe zan biyo Baaba mu dawo."

Suweiba ta ga ƙofa a buɗe. Za ta iya cewa ɗan gwaji ne likita ya sa ta yi, ba wani abu ba, ba ta so ta tayar musu da hankali ne. Da an tausaya mata, da an ƙara yi mata addu'a. Amma ta san 'yarta. Ko ta hau jirgin da wannan maganar a ranta za ta yi ta yawo a teku, ko kuma ta ƙi hawa, ta zubar da abin da ta sha wahala a kai.

"Lafiyata ƙalau," ta ce. "Wallahi ko ciwon kai ba na yi."

"To me ya faru?"

"Sun ba ni hutun tun ranar da na nema. Ni ce na ce muku sun hana."

"Don me?"

"Na gaji ne, Zuweira."

"Ai don ki huta na kama ɗakin."

"Na sani." Ta matse wayar a kunne. "So nake in zauna ni kaɗai. Ba mai kirana, ba mai tambayata ina kaza yake. Ban taɓa samu ba. Da na ga hanya sai na bi."

"Ke kaɗai," in ji Zuweira a hankali. "Har da ni ke nan."

"Ba don kin yi mini wani abu ba."

Suweiba ta ji yadda amsar ta sauka, ta kuma san ba ta ce a'a ba. Zuweira ta ja hanci. Da ta sake magana ta koma Turanci, a daƙile, irin muryar da take yi wa mutanen ofis. Ta ce ta gane. Ta ce ta ji daɗi da ba ciwo ba ne. Ta tambaya ko Baaba ya sani, Suweiba ta ce a'a.

"Ba zan gaya masa ba. Ke za ki gaya masa." Ta ce ana kiransu taron ɗalibai, ta kashe.

Suweiba ba ta iya komawa sama ba. Da bas ta gaba ta zo sai ta shiga, ta yi ta canji har Soundview. Akua ta buɗe mata ƙofa, ta dubi kayan aikin da ke jikinta, ta dubi fuskarta, ba ta tambayi komai ba sai da suka shiga kicin. Da ta ji labarin ta ciro waya ta shiga neman jirgin sama, tana ja da yatsa tana tsaki.

"Na yau ya wuce. Na gobe sai ya tsaya a hanya, kafin ki sauka sun riga sun shiga ruwa." Ta ajiye wayar. "Ba za ki same su ba."

Suweiba ta ji wani abu ya saki a kafaɗunta, ta gane sauƙi ne ta ji. Ko yanzu, bayan duk wannan, wani sashe na zuciyarta murna yake ba sai ta je ba. Kunya ta rufe ta har ta kasa kallon Akua.

"Ba kisa kika yi ba," in ji Akua. "Barci kika yi."

"Yarinyar nan a tsaye ta yini wata da watanni don ɗakin nan," in ji Suweiba.

Akua ta ɗauki wayarta ta sa a aljihu. Daga ɗaki tsohuwar ta yi kira, ta ji muryar Suweiba. Suka shiga tare suka juya ta, tsohuwar ta riƙe hannun Suweiba tana tambayar ina ta shiga haka. Suweiba ta zauna ta ba ta abincin yamma a baki, cokali bayan cokali, ko da yake ba ranar aikinta ba ce.

Washegari da hantsi Saani ya kira ta bidiyo daga tashar jirgin ruwa. Ba ta sa kayan aiki ba, ba ta sauka ƙasa ba. A falo ta zauna ta ɗauka, labulensu na bayanta, tana jiran ya tambaya. Bai lura ba. Murna ta cika shi, yana ta juya wayar yana nuna mata jirgin, fari, tsayinsa ya fi benen da suke haya, ɗalibai na jan akwatuna a layi, iyaye na ta ɗaukar hoto.

"Ga ta nan, ga Mma, yi mata sallama," ya ce, ya miƙa wa Zuweira.

Fuskar yarinyar ta cika wayar. Ta sa baƙin tabarau, kitson nan na nan tsaf.

"Mma, zan shiga."

"Allah ya kiyaye hanya. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya." Akwai sauran magana a bakinta, amma Saani na tsaye a gefe.

"Amin," in ji Zuweira. Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai wata yarinya ta kira ta daga layi, ta mayar wa uban da wayar.

Saani bai kashe ba har jirgin ya yi ƙugi ya fara ja baya. Yana ta nuna wani wuri a can sama yana cewa ga ta can tana ɗaga hannu. Suweiba ba ta ga komai ba sai ɗigo-ɗigon mutane a jere. Duk da haka ta ɗaga hannu a falon.

Ragowar hutun a aiki ta ƙare shi. Ta wanke labule, ta goge bayan firji, ta kwashe burodin da madarar ta ba maƙwabta. Da Saani ya dawo ya yi baƙi ya yi fes, ya shigo da labari a bakinsa tun daga ƙofa. Ta zuba masa tuwo da miyar ayoyo, ta zauna a gefe.

"Abu ɗaya ne ya dame ni," ya ce yana ci. "Ana gobe za su tashi ta kulle kanta a banɗaki ta yi ta kuka. Na ce tsoron teku ne. Na zaunar da ita na yi ta ba ta baki, na ba ta labarin ranar da na fara hawa jirgin sama."

"Ba tsoron teku ba ne, Baaban Zuweira."

Ta faɗa masa, ba ta rage komai ba, har tsayuwar da ta riƙa yi a wurin bas. Ya saurara hannunsa a cikin kwano bai ɗaga ba.

"Da kin gaya mini kin gaji," ya ce daga baya.

"Da na gaya maka me za ka ce?"

Ya yi tunani, don shi ba mai saurin magana ba ne. "Da na ce ki daure ki zo." Ya ture kwanon kaɗan. "Amma kin bar ni ina yi wa yarinya wa'azin ƙarfin hali, tana kallona ta san abin da ban sani ba. Kuma na tsaya gaban mutane ina yabonki."

"Ka yafe mini."

"Ni mai sauƙi ne," ya ce. Ya tashi ya wanke hannu ya shiga ɗaki.

Bai sake tayar da maganar ba. Ya yi 'yan kwanaki ba ya cewa komai sai abin da ya zama dole, daga baya ya saki, suka koma kamar da. Suweiba ta koma Soundview. Zuweira kuwa tana turo hotuna duk lokacin da suka samu layi a teku, amma wayar uban take turawa: ga ta a aji teku na bayan taga, ga ta da Huda sun sa rigunan ceto suna dariya. A ƙarshen saƙon takan ce a gaida Mma. Saani kan miƙo wayar, Suweiba ta goge hannu ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ta yi saƙon murya ya fi a ƙirga tana gogewa. Wanda ta tura a ƙarshe gajere ne, ta ce ta yi kuskure, ta nemi gafara. Alama ta nuna an saurara. Amsa ba ta zo ba.

Wata Asabar da rana tana yanka albasa wayarta ta yi ƙara, lambar da ba ta sani ba. Muryar na zuwa tana yankewa.

"Mma, ni ce."

Suweiba ta ajiye wuƙar.

"Mun shiga wani wuri ruwan na da ƙarfi. Jiri nake ta yi, komai na ci sai ya dawo. Maganin da suka ba ni barci kawai yake sa ni." Da Hausa take magana, muryar a galabaice. "Me zan sha?"

"Akwai citta a kicin ɗinsu? Ɗanya, ba gari ba."

"Zan tambaya."

"Ki ce su ba ki. Ki kankare bayanta da cokali, ki yanka siriri-siriri." Ta jawo kujera ta zauna. Bayanin bai fi a yi shi a numfashi biyu ba, amma ta bi shi a hankali, tana tsayawa a kan kowane abu: yawan ruwan, yadda zai tafasa, lemon tsamin da za a matsa bayan an sauke ba kafin ba, yadda za ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta ce ta ci busasshen burodi, kada ta kwanta a ɗaki, ta fita sama inda iska take ta kalli nesa.

"To, Mma."

"Kina da rigar sanyi a kusa? Iskar teku na shiga ƙirji."

"Akwai."

Layin ya yi ƙara kamar zai yanke, ya dawo. Suweiba ta ji numfashin 'yarta a can, ba ta kashe ba.

"Lemon tsamin," in ji Zuweira. "Rabi kika ce ko guda?"

"Rabi ya isa. In babba ne ma ki rage."